Ɗaurayar baƙar mota a gida: me ke sa ruwa ya bar tabo bayan wanki?

Ɗan kasuwa, Agege

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina gaida iyayena da yayyena na wannan zaure, tare da fatan kowa ya tashi lafiya. Wata biyar ke nan da na sayi Corolla baƙa, tokumbo, wato wadda aka yi amfani da ita a ƙasar waje kafin a shigo da ita, kuma tun daga lokacin ni nake wanke ta da kaina a ƙofar gida kowace Lahadi, domin ita ce ranar da ba na sammakon fita kasuwa. Abin da ya dame ni shi ne, duk yadda na kai ga cuɗa ta da soso, da zarar ta bushe sai in ga fararen ɗigo-ɗigo sun bazu a kan bonet da rufi da gilasai kamar an yayyafa mata ruwan alli, idan kuma rana ta haska ta sai waɗansu siraran karce masu zagaye su bayyana a jikin fentin, waɗanda na tabbata babu su ranar da na karɓo ta.

Ga yadda nake yi, domin masana su ga inda na kuskure. Gidan haya muke zaune, kuma ba a ja mana ruwan famfo ba, duk da cewa ba mu da nisa da Iju inda aka buɗe matatar ruwa tun 1915. Burtsatse muke amfani da ita, mai gida kuwa ba ya tayar da injin sai an kawo wuta, saboda haka galibi jarka biyu masu lita 25 nake saya a wurin mai ruwa. Nakan kaɗa omo a bokiti ɗaya, in bi motar da soso tun daga rufi har tayoyi, bayan na gama gaba ɗaya sai in watsa mata sauran ruwan da bokiti, in goge da tsohuwar singileti. Yawanci ina farawa ne wajen ƙarfe 10 na safe bayan na karya.

Shin laifin ruwan ne, ko na sabulun, ko kuwa hannuna ne bai iya ba? Kuma jarka biyu za su isa a ɗauraye mota yadda ya kamata, ko dole sai na sayi tiyo da injin fesa ruwa irin na masu wanki? Allah ya ba da ikon amsawa.

Tsohon mai wankin mota, Obalende

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ruwa ba ya tsami banza, kuma bayanin da ka yi da bakinka ya riga ya nuna inda matsalar take. Na yi shekaru ina wannan sana'a kafin ƙarfina ya ja baya, kuma abin da na fi shan wahalar koya wa yaran da suka zauna a hannuna shi ne cewa ɗauraya ba sau ɗaya ake yin ta ba. Sau uku ce, kowace da aikinta, kai kuwa ta ƙarshe kaɗai kake yi, ita ma a makare.

Ta farko ana yin ta ne kafin soso ya taɓa motar ko kaɗan. Ƙurar da ke kwance a jikin mota ba gari ba ce mai laushi kamar yadda ido yake gani, akwai ƙananan ƙwayoyin yashi a cikinta, musamman ga wanda yake bin hanyar Agege zuwa Oshodi kullum, ko kuma a lokacin hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu da hazo ke saukowa har nan Ikko. Idan ka ɗora jiƙaƙƙen soso a kan wannan ƙurar ka murza, to ka mayar da soson takardar gugar katako, kuma waɗannan karce masu zagaye da kake gani a rana sawun hannunka ne da kanka. Saboda haka ka fara zuba ruwa tsura daga rufi, ka bar shi ya gangaro ta gilasai zuwa bonet da but da ƙofofi, ya kwashe abin da zai iya kwashewa. Kada ka watsa da bokiti, domin rabin ruwan a ƙasa yake ƙarewa ba tare da ya yi aikin komai ba. Ka nemi buta ta daban wadda ba ta alwala ba, ko kofin roba babba, ka riƙa tsiyayawa a hankali kana tafiya da hannunka. Ƙasan ƙofofi da bayan tayoyi, inda laka take daskarewa, ka jiƙa su sau biyu ka ba su minti biyu ko uku su yi laushi.

Ta biyu tana tafiya ne tare da wankin, ba bayansa ba. A nan ne babban kuskurenka yake, domin kafin ka zagayo daga rufi zuwa tayoyi, kumfar da ka bari a sama ta riga ta bushe a kan baƙin ƙarfe mai zafi, kuma abin da ya bushe ba ya fita da watsa ruwa sau ɗaya. Ka raba motar kashi-kashi. Ka wanke rufi ka ɗauraye shi nan take, ka wanke gilasai ka ɗauraye, sannan bonet, sannan but, sannan ƙofofin gefe ɗaya, sannan na ɗaya gefen, kana komawa lokaci-lokaci kana ɗan jiƙa wuraren da ka gama domin kada su bushe kafin ka kammala. Shi kansa soson yana buƙatar ɗauraya. Ka ajiye bokiti biyu, ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na ruwa tsura, duk lokacin da ka gama kashi ɗaya ka fara tsoma soson a na ruwa tsura ka matse shi kafin ka mayar da shi cikin sabulu. Ranar da ka fara yin haka, ka duba gindin bokitin ɗaurayar bayan ka gama, yashin da za ka tarar a kwance shi ne wanda da kake mayarwa jikin fentinka.

Ta uku ita ce ta sallama, kuma ita ce ta fi buƙatar natsuwa. Mutane suna zaton ƙarfin ruwa ne yake tsabtace mota a ƙarshe, alhali feshi yana farfasa ruwa ne ya bar dubban ɗigo a jiki, kowane ɗigo kuma tabo ne idan ya bushe. Abin da ake so shi ne ruwan ya kwanta ya zama shimfiɗa ɗaya, ya zamo ƙasa yana jan kansa da kansa. Ka kusantar da bakin butar da jikin motar, kamar faɗin yatsu uku, ka fara daga tsakiyar rufi kana tsiyayawa ba tare da yankewa ba, kana bin gefen ruwan yayin da yake sauka. Wanda yake da tiyo sai ya cire kan feshin, ya rage famfo, ya bar ruwan ya fito a sake. Idan fentin yana da sauran folish a jikinsa, za ka ga wurin da ruwan ya wuce ya kusan bushewa, abin da ya rage kaɗan ne wanda tawul ɗaya zai ɗauke.

Game da jarka biyu, lita 50 ke nan, kuma sun ishi Corolla idan ba daga cikin caɓi ta fito ba. Ni yadda nake rabawa, kamar lita 12 ga ɗaurayar farko, lita 8 a bokitin sabulu, 8 a bokitin soso, 12 ga ɗaurayar kashi-kashi, sauran 10 kuma in ɓoye su ga ta ƙarshe, ba na taɓa su ko da na ga ruwa zai yanke mini. Sai dai duk wannan ba zai amfane ka ba muddin ƙarfe 10 kake farawa. Baƙar mota tana shan zafi fiye da kowace, ka gwada ɗora bayan hannunka a kan bonet a wannan lokacin ka ji. Ka fito bayan sallar asuba da gari ya waye, ko ka bari sai bayan la'asar, ko ka nemi inuwa. Kada kuma wankin hula ya kai ka dare, aikin duka bai kamata ya wuce minti 40 ba.

Mai fenti, Idi-Araba

Baba ya gama magana a kan tsarin zuba ruwa, Allah ya ƙara masa lafiya, ni dai zan ƙara ne ta ɓangaren da nake gani a wurin aiki, domin motocin da aka wanke ba daidai ba a hannunmu suke ƙarewa. Malam, fentin motarka hawa-hawa ne, kuma na saman duka wani siririn rufi ne marar launi mai sheƙi, wanda kaurinsa bai kai na takardar littafi ba. Duk karcen da kake gani a cikinsa yake, kuma duk lokacin da aka kawo mana mu goge da inji, wani abu muke ragewa daga wannan ɗan kaurin, wanda ba ya dawowa sai an sake fesawa. Ba wai baƙar mota ta fi fara saurin karcewa ba ne, ta dai fi ta tona asiri.

Kafin ka ɗora wa ruwan mai ruwa laifi, ka yi gwaji mai sauƙi. Ka sami gilashi mai tsabta, ka ɗiga ruwan jarkar a gefe ɗaya, ka ɗiga ruwan omon da ka kaɗa a ɗaya gefen, ka ajiye a rana su bushe. Ruwa yana tashi ya bi iska, amma abin da ya narke a cikinsa ba ya tashi, a nan yake zama, shi ne farin zoben da kake gani. Ina kyautata zaton za ka tarar gefen omon ya fi fari nesa ba kusa ba, domin garin sabulun wanki cike yake da sinadarai masu kama da gishiri da kanwa, an yi shi ne don ya cire maiƙo daga tufafi, kuma da wannan ƙarfin nasa yake cinye folish ɗin da ke kare fenti, ya sa baƙaƙen robobin gefen gilashi su koɗe su yi toka-toka. Idan folish ya tafi, shimfiɗar ruwan da Baba ya kwatanta ba za ta zamo da kyau ba, sai ruwan ya manne ya ƙi sauka. Ka sayi sabulun ruwa na wankin mota, ana samunsa a kasuwar kayan mota ta Ladipo da manyan kantuna, murfi ɗaya ko biyu ya ishi bokiti, kuma ya fi omo saurin fita da ruwa kaɗan. Singiletin nan ma ka bar ta ga tayoyi, ka nemi tawul mai laushi na maikurofaiba.

Tabon da ya riga ya kama, idan bai daɗe ba, ruwan khal fari, wato vinegar, yana cire shi. Ka gauraya shi da ruwa rabi da rabi, ka jiƙa tawul ka ɗora a wurin kamar minti ɗaya a cikin inuwa, ka goge a hankali, sannan ka ɗauraye sosai, ka kuma sake shafa folish domin khal ɗin yana tafiya da shi. Wanda ya yi watanni yana gasuwa a rana har ya ci cikin rufin, wannan kam sai inji.

Wuri ɗaya ne na ɗan saɓa wa Baba, da neman afuwarsa. Ni a ganina tayoyi da rim ake fara wankewa a ɗauraye, da bokitinsu daban da burushinsu daban, kafin a hau rufi, saboda baƙar ƙurar birki tana da ɓarɓashin ƙarfe, kuma idan aka bar su a ƙarshe, ruwan da ke fallatsa daga gare su yana ɓata ƙofofin da aka riga aka gama. Sharaɗin kawai shi ne motar ta huce, kada mutum ya dawo daga doguwar tafiya ya kwara ruwan sanyi a kan faifan birki mai zafi.

Injin feshi kuwa ba dole ba ne. Idan ka saya, ka lura da launin kawunansa, ja yana fitar da ruwa a tsaye kamar allura kuma yana iya ɗaye fenti, kore yana buɗewa digiri 25, fari digiri 40, kuma farin ne ya dace da jikin mota. Ka tsaya nesa da ita kamar santimita 30 zuwa 40, kada ka auna robobin ƙofa ko wurin da fenti ya riga ya fashe, kada kuma ka buɗe bonet ka fesa wa inji, domin gyaran wayoyin da ruwa ya shiga ya fi kuɗin wankin shekara.

Hajiya, Ajah

Sannunku da ƙoƙari. Ɗana, ka gode wa Allah da kake Agege, domin mu da muke wannan yanki na Lekki da Ajah ruwan burtsatsenmu wani abu ne daban. Yakan fito garau daga famfo, amma idan ya kwana a bokiti sai ka tarar ya koma ruwan ɗorawa, da jan abu kwance a gindi. Sinadarin ƙarfe ne da ke narke a cikinsa, wanda yake yin tsatsa da zarar ya haɗu da iska, a waɗansu unguwannin kuma har da ɗanɗanon gishiri saboda kusancin teku. Motata fara ce, kuma kafin in gane abin da ake ciki sai da jan zane ya fito a ƙarƙashin madubai da hannun ƙofofi, duk inda ruwa yake tsiyaya ya bushe.

Dabarar da ta fisshe ni guda biyu ce. Ta farko, ba a wanke mini mota da ruwan da aka tara a ranar. Ana cika duro a bar shi a buɗe kwana ɗaya ko biyu, jan ya kwanta, a ɗebi na sama a hankali ba tare da an girgiza ba. Wannan yana rage ƙarfen, amma ba ya cire gishiri, shi ya sa ta biyun ta fi muhimmanci, wato ruwan sallamar da Baba ya ce a ɓoye ya zama ruwa ne na daban. Ni ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki nake tarawa. Na sa jarka a ƙarƙashin bututun da ke waje, kuma da yake iskar Legas cike take da laima, idan wuta ta zauna kwana biyu sai in sami abin da ya ishe ni. Ruwa ne da aka tatso daga iska, bai bi ta cikin ƙasa ba balle ya kwaso gishirinta, saboda haka ko ya bushe a jikin mota kusan ba ya barin komai. Ana tace shi da ƙyalle saboda ƙura, kuma ba na sha ba ne, a ja wa yara kunne. Da damina kuwa ruwan sama yana yin wannan aikin, muddin an bar na farko ya wanke kwanon rufi kafin a tara.

Akwai kuma ɗaurayar da ban ji an ambata ba, ta ƙarƙashin mota. A watan Yuni da Yuli, lokacin da ruwa yake cika hanyar Lekki zuwa Epe, abin da muke ratsawa ba ruwan sama ne kaɗai ba, haɗe yake da na kwata da yashi. Wannan lakar tana maƙalewa a cikin kwarin tayoyi da saman salansa da lungunan ƙarfen ƙasa, ta riƙe danshi, tsatsa ta fara cin motar daga inda ido ba ya gani. Duk ranar da aka ratsa irin wannan ruwa, washegari nakan sa a karya sitiyari gefe ɗaya a zura tiyo cikin kwarin tayar har sai ruwan da ke fitowa ya yi fari, a karya ɗaya gefen a maimaita. A nan kam buta ba za ta yi ba, idan ba ka da tiyo gara ka kai wurin masu wanki su yi maka ƙasan kaɗai.

Ɗan kasuwa, Agege

Allah ya saka wa iyayena da alheri, ya ƙara girma. Jiya Lahadi na fito tun ƙarfe 6 da rabi, na bi tsarin Baba da buta da bokiti biyu, na fara da tayoyi kamar yadda Malam mai fenti ya ce, kuma na yi gwajin gilashin, gefen omon ne ya yi fari fat, na ruwan jarkar ɗan zobe ne siriri. Yashin da na gani a gindin bokiti ya ba ni kunya. Ba mu da na'urar sanyaya ɗaki, Hajiya, amma na sa duro a bakin indararo ina jiran ruwan sama. Motar ta fito fiye da yadda ta taɓa fitowa a hannuna, sai dai abu ɗaya ya rage. Bayan na tsane ta tsaf na tayar zuwa kasuwa, kafin in kai mahaɗar Pen Cinema da ke nan Agege ruwa ya tsiyayo daga madubai da gefen but da murfin tankin mai, ya ja dogayen layuka a ƙofofi ya bushe. Yaya ake maganin wannan?

Tsohon mai wankin mota, Obalende

Madalla, ƙanena. Maganar farawa da tayoyi kuma na karɓa, Malam mai fenti ya fi ni gaskiya, mu a wurin sana'a yaro ɗaya ne yake kan tayoyi wani yana kan jiki, shi ya sa ban saba lissafa su a jere ba.

Ruwan da ya biyo ka hanya ɓoyayye ne, yana zaune a cikin kwanson madubi, da ramin da ke kewaye da murfin but, da bayan lambar mota, da ƙarƙashin robobin gilashi, kuma yawancinsa da sauran sabulu a ciki, shi ya sa layinsa ya fi fari. Maganinsa yana farawa ne tun a ɗauraya ta biyu, ka riƙa tsiyaya ruwa tsura a cikin waɗannan lungunan har kumfa ta daina fitowa, domin ko da wani abu ya tsiyayo daga baya ya zama ruwa ne kawai. Bayan ɗaurayar ƙarshe, kafin ka ɗauki tawul, ka buɗe ƙofofin huɗu da but da murfin tankin mai ka rufe su sau biyu, ka naɗe madubai ka buɗe, sannan ka matsar da motar gaba kaɗan ka taka birki, ka dawo baya ka sake takawa, abin da ya ɓuya zai zubo tun kana gida, faifan birkin ma ya bushe. Daga nan ka tsane jikin daga sama zuwa ƙasa, kana shimfiɗa tawul ɗin kana jawo shi ba tare da dannawa ba, ka bi bakin ƙofofi ta ciki da wani ƙyalle daban saboda akwai giris a wurin. A ƙarƙashin kowane madubi ka riƙe tawul ka ɗan bubbuga kwanson da tafin hannu. Ka kuma ajiye ƙaramin busasshen tawul a aljihun ƙofar direba, idan ka isa kasuwa ka zagaya motar sau ɗaya kafin rana ta kama abin da ya tsiyayo.